Sankarar nono: na'urorin awon cunkoson nama ba bakinsu ɗaya ba

Tun daga ranar 10 ga watan Satumba na 2024, doka ta wajabta wa duk wani asibitin ƙasar Amurka da ke ɗaukar hoton nono, wato mamografi, ya sanar da mace a rubuce ko nononta mai cunkoson nama ne ko a'a. Hukumar FDA mai kula da ingancin abinci da magunguna a wannan ƙasa ce ta fitar da ƙa'idar a watan Maris na 2023. A nahiyar Turai ma, ƙungiyar likitocin hoton nono da ake kira EUSOBI ta ba da shawara tun 2022 cewa a riƙa gaya wa mata matsayin nononsu, kuma a ƙara wa masu cunkoso mai yawa wani binciken na daban. Waɗannan matakai sun buɗe babbar kasuwa ga kamfanonin da ke saida manhajojin kwamfuta masu yin wannan awo da kansu, ba tare da idon likita ba.

Abin tambaya shi ne, idan manhaja biyu suka auna hoton mace guda, amsa ɗaya suke bayarwa? Binciken da aka gudanar a ƙasashe da dama ya nuna cewa sau da yawa suna saɓawa. Tun da yake kayan aikin asibitocinmu daga waje muke sayo su, ko ba daɗe ko ba jima wannan muhawara za ta iso mu, saboda haka ya dace mu san inda ta dosa tun kafin masu talla su ƙwanƙwasa ƙofa.

Mene ne cunkoson nama?

Nonon mace ya ƙunshi kitse, da kuma naman da ke samar da ruwan nono haɗe da zaruruwan da ke riƙe shi. A hoton mamografi kitse yakan fito baƙi-baƙi, shi kuwa wancan naman yakan fito fari. Idan farin ya yi yawa, sai likitoci su ce nonon yana da cunkoso. Wannan ba cuta ba ce, halitta ce, kuma ba a gane ta da taɓawa ko da girman nono, sai dai a hoto. Cunkoson yakan ragu idan shekaru suka ja, musamman bayan ɗaukewar al'ada, kuma yawan haihuwa da ƙiba suna rage shi.

Matsalar guda biyu ce. Ta farko, ƙullutun sankara shi ma fari yake fitowa a hoto, ke nan yana iya ɓuya cikin farin nama kamar farar tsakuwa cikin shinkafa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holand aka wallafa a 2017 ya nuna cewa a nono mai yawan kitse mamografi na gano kusan kashi 86 cikin 100 na sankarar da ke akwai, amma a nono mafi cunkoso abin yakan sauka zuwa kashi 61. Ta biyu, cunkoson shi kansa yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Wani likita Ba'amurke mai suna John Wolfe ne ya fara jan hankali a kan haka a 1976. A 2007 Norman Boyd da abokan aikinsa na birnin Toronto a Kanada suka nuna cewa matan da farin nama ya mamaye kashi 75 ko fiye na hotonsu sun fi waɗanda nasu bai kai kashi 10 ba haɗarin kamuwa kusan sau biyar. Sai dai a lura, wannan kwatanci ne tsakanin na can sama da na can ƙasa. Idan aka kwatanta da mace mai matsakaicin cunkoso, haɗarin bai wuce kimanin ninki biyu ba.

Dokar ta Amurka ta samo asali ne daga gwagwarmayar wata mata mai suna Nancy Cappello, wadda aka gano mata sankarar da ta riga ta yi nisa a 2004, makonni kaɗan bayan an ce mata hotonta lafiya lau. Ƙoƙarinta ya sa jihar Konetikat ta zamo ta farko da ta kafa dokar sanar da mata a 2009. Ita kuwa ta rasu a 2018.

Idon likita da gardamarsa

Hanyar da aka fi amfani da ita har yanzu ita ce likitan hoto ya duba da idonsa, ya saka nonon cikin ɗaya daga rukuni huɗu na tsarin da ake kira BI-RADS. Rukunin a shi ne mai yawan kitse, b mai farin nama jefi-jefi, c mai cunkoso a wurare da dama, d kuwa mai cunkoso ƙwarai. Rukunin c da d su ne ake kira masu cunkoso, kuma a Amurka sun kai kusan kashi 43 cikin 100 na matan da ke tsakanin shekara 40 da 74.

To amma ido ba mudu ba ne. A 2016 an wallafa wani bincike da ya bi diddigin aikin likitocin hoto 83 a Amurka. Wani daga cikinsu kashi 6 ne kawai cikin 100 na hotunan da ya duba ya ce masu cunkoso ne, wani kuwa ya kai kashi 84. A cikin matan da likitoci biyu dabam-dabam suka duba hotunansu na jere, kusan kashi 17 sun samu amsa mai karo da juna. Ma'ana, matsayin mace na iya canzawa saboda kawai wanda ke bakin aiki a ranar ya canza. Wannan gardama ce ta sa aka koma neman na'urar da za ta yanke hukunci.

Hanyoyin awo iri uku

Hanya ta farko ita ce awon fili. Ana ɗaukar hoton a matsayin shimfiɗaɗɗen abu, a ƙidaya kashi nawa ne fari, kashi nawa ne baƙi. Tsohuwar manhajar da aka yi a Toronto a shekarun 1990 mai suna Cumulus haka take aiki, sai dai tana buƙatar ƙwararren mutum ya zauna ya ja iyaka tsakanin fari da baƙi a kowane hoto, abin da ke cin lokaci. Manhajar LIBRA ta jami'ar Pensilbaniya, wadda ake bayarwa kyauta domin bincike, ita ma fili take aunawa, amma da kanta.

Hanya ta biyu ita ce awon cika. Nono yana da kauri, kuma farin nama mai kaurin yatsa ɗaya da mai kaurin yatsa uku suna iya rufe fili iri ɗaya a hoto. Saboda haka manhajoji irin su Volpara, da aka ƙirƙira a ƙasar Niyu Zilan kuma wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna Lunit ya saye ta a 2024, suna lissafi da kaurin nonon lokacin da aka matse shi, da ƙarfin hasken radiyon da ya ratsa kowane ɗigo na hoton, domin su fitar da adadin naman da ke ciki. Quantra ta kamfanin Hologic na Amurka ita ma da wannan hanya ta fara. Lambobin awon cika ƙanana ne idan aka kwatanta da na awon fili. A wajen Volpara, nonon da farin namansa ya kai kashi 7,5 cikin 100 ya shiga sahun masu cunkoso, wanda ya kai kashi 15,5 kuwa ya shiga rukuni na ƙarshe. Wanda bai san da wannan bambanci ba yana iya ganin kashi 15 ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Hanya ta uku ita ce ta ƙirƙirarriyar basira. A nan ana nuna wa kwamfuta dubban hotuna haɗe da amsar da likitoci suka bayar, har ta koyi kwaikwayonsu. A wani babban asibiti na birnin Boston an gwada irin wannan a kan hotuna fiye da 10.000, kuma a sakamakon da aka wallafa a 2019 likitoci sun amince da amsar na'urar, mai cunkoso ko marar cunkoso, a kashi 94 cikin 100. Abin lura a nan shi ne, na'urar da ta koya daga wasu likitoci, ra'ayin waɗannan likitoci ta gada, da daidai ɗinsu da kuskurensu.

Da aka jera su kafaɗa da kafaɗa

Bincike uku ne aka fi kafa hujja da su. Na farko an yi shi a birnin Landan aka wallafa a 2014, inda aka gwada hanyoyi shida a kan hotunan mata guda. Dukkansu sun nuna cewa cunkoso na tafe da haɗarin sankara, amma Volpara da Cumulus ne suka fi nuna alaƙar da ƙarfi.

Na biyu shi ne na asibitin Mayo da jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka, a 2016, wanda ya shafi mata 1.911 masu cutar da 4.170 marasa ita. Volpara ta ce kashi 51 cikin 100 masu cunkoso ne, likitoci suka ce kashi 43, Quantra kuwa ta ce kashi 37. Tazarar maki 14 ke nan tsakanin manhaja biyu a kan hotuna guda. Idan muka ɗauki mata 100.000, wannan tazara na nufin mata 14.000 waɗanda wata na'ura za ta ce a ƙara masu bincike, wata kuma ta ce su tafi gida. Duk da haka, wajen hasashen wadda za ta kamu da cutar, hanyoyin uku sun yi kusan kunnen doki.

Na uku an yi shi a birnin Manchesta na Ingila, a 2018, da hanyoyi biyar. Abin mamaki, ƙiyasin idon ƙwararru, inda mutum biyu ke ba kowane hoto maki a haɗa, shi ne ya zo na ɗaya wajen hasashen cutar. Daga cikin na'urori kuwa, Volpara da Densitas ta ƙasar Kanada ne suka taka rawar gani. Masu binciken sun ce ido ya fi, amma ba zai yiwu a samu ƙwararrun da za su yi wa mata miliyoyi irin wannan aiki ba.

Darasin da muka ɗauka daga waɗannan bincike shi ne cewa amfanin na'ura yana cikin rashin canza magana. Ka ba ta hoto guda sau goma, amsa ɗaya za ta ba ka, ba gajiya, ba son rai. Amma wannan bai sa amsarta ta zamo gaskiya ta ƙarshe ba. Kowa a cikinmu ya san tiyar wata kasuwa ba ta zo daidai da ta wata ba, ko da yake kowace tiya ba ta yi wa kanta ƙarya. Haka waɗannan manhajoji suke. Kowane kamfani shi ya zaɓi inda ya ja layi tsakanin mai cunkoso da marar cunkoso, kuma yakan sake lissafin idan ya fitar da sabon samfuri. Saboda haka matar da aka auna bara da wata manhaja, bana da wata, ba za a ce nononta ya canza ba don lamba ta canza.

Me ke biyo bayan lamba?

Awo ba ya warkar da kowa, abin da aka yi da sakamakonsa shi ne magana. A ƙasar Holand an yi babban gwajin da ake kira DENSE, aka wallafa shi a 2019. An yi amfani da Volpara aka zaɓo mata 40.373 ƴan shekara 50 zuwa 75 waɗanda ke rukuni mafi cunkoso kuma mamografinsu bai nuna komi ba. An gayyaci wani kaso daga cikinsu a yi masu hoton IRM. A cikin shekaru biyu da suka biyo baya, sankarar da ta ɓullo tsakanin bincike da bincike ta kasance 2,5 cikin mata 1.000 a wajen waɗanda aka gayyata, yayin da ta kai 5 cikin 1.000 a wajen sauran. An rage ta da rabi ke nan. Sai dai an biya farashi, domin kusan mata 80 cikin kowace 1.000 da aka yi wa IRM an tayar masu da hankali, aka sake kiransu, daga baya aka ga ba komi.

A ƙasar Japan kuwa eko aka ƙara a kan mamografi, a wani gwaji na mata kusan 73.000 ƴan shekara 40 zuwa 49 da aka wallafa a 2016. Ganowar cutar ta tashi daga kashi 77 zuwa kashi 91 cikin 100, amma nan ma yawan waɗanda aka tsorata a banza ya ƙaru. A 2025 wani gwajin Ingila mai suna BRAID ya nuna cewa gajeren hoton IRM, da mamografin da ake yi bayan allurar ruwa mai haska jijiyoyi, suna gano ɓoyayyar sankara fiye da ninki uku na abin da eko mai aiki da kansa ke ganowa.

Duk waɗannan ƙasashe suna da abu guda: tsarin da ke kiran mata masu lafiya su zo a ɗauki hotonsu lokaci-lokaci. A Faransa, alal misali, tun 2004 ake gayyatar duk mace mai shekara 50 zuwa 74 kowace shekara biyu. A irin wannan tsari ne awon cunkoso ke da cikakkiyar ma'ana.

Ina muka tsaya a Nijar?

Sankarar nono ita ce ta ɗaya cikin sankarorin da ke kama mata a ƙasarmu, kamar yadda take a duniya baki ɗaya, inda a 2022 aka ƙiyasta sabbin kamuwa miliyan 2,3 da mutuwar mata kusan 670.000. An samu ci gaba, domin tun 2021 cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin cutar da haske, kuma kowane watan Oktoba ana gangamin faɗakarwa. To amma babbar damuwarmu dabam take da ta Amurka. Wani nazari da ya tattara bincike masu yawa na ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a 2016, ya gano cewa kusan kashi 77 cikin 100 na mata baƙar fata suna isa asibiti ne bayan cutar ta kai mataki na 3 ko na 4. Ƙullutun da ya kai girman ƙwai ba ya buƙatar manhaja kafin a gan shi. Macen karkarar Tawa, Maraɗi ko Damagaram, abin da ke cinye mata lokaci shi ne kunya, da jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, da kuɗin mota, da jiran sakamakon naman da aka ɗiba.

Shi ya sa shirin da hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya a kan abu uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na 1 ko na 2, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 na marasa lafiya su kai ƙarshen maganinsu. Akwai kuma misalin birnin Mumbai na Indiya, inda aka horar da ma'aikatan lafiya mata su riƙa duba nono da hannu kowace shekara biyu. Bayan shekaru 20 ana bin mata fiye da 150.000, sakamakon 2021 ya nuna mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a wajen ƴan shekara 50 zuwa sama. Wannan aiki ne da ungozoma a ƙaramar likitar ƙauye za ta iya.

Duk da haka, batun cunkoso ya shafe mu ta fuska biyu. Da farko, yawancin matanmu matasa ne, kuma da yawa daga masu cutar a nan ba su kai shekara 50 ba, alhali nonon matashiya ya fi cunkoso, haka ma na mai shayarwa. Ke nan hoton da ya ce ba komi yana iya yaudarar mu. Na biyu, akasarin waɗannan manhajoji a kan hotunan matan Turai da Amurka aka gina su. Wani bincike na jami'ar Pensilbaniya a 2016 ya nuna cewa idan aka yi la'akari da shekaru da nauyin jiki, na'urori na samun cunkoso mafi yawa a wajen mata baƙar fata fiye da farare, alhali ƙiyasin likitoci bai nuna wannan bambanci ba. Layin da aka ja domin wata al'umma ba lalle ne ya dace da wata ba.

Kafin a sa hannu a takardar saye

Muna ganin akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ma'aikatar kiwon lafiya da masu asibitocin kuɗi su yi wa duk wanda ya zo da tallar irin wannan manhaja. Fili take aunawa ko cika, kuma ina ta ja layinta? A kan waɗanne mata aka gwada ta, akwai ƴan Afirka a cikinsu? Tana aiki da na'urar da muke da ita, tun da wasu manhajojin, irin su Volpara, suna buƙatar ɗanyen hoton da na'ura ba ta gyara ba, wanda asibitoci da yawa ba sa ajiyewa, kuma ba sa aiki da tsohon hoton fim? Na ƙarshe kuma mafi muhimmanci, idan ta ce mace tana da cunkoso, ina za a tura ta, wa zai biya? Gaya wa mace cewa hotonta na iya ɓoye cuta, sannan a sallame ta ba eko ba IRM, ƙara mata fargaba ne kawai. Idan kuwa har za a saya, gara ƙasa ta tsaya a kan hanya guda, domin sakamakon Yamai ya yi magana ɗaya da na Damagaram, kuma likitocinmu su fara gwada ta a kan hotunan matanmu.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi kuwa, ana iya fara shi gobe: kowane likitan hoto ya rubuta rukunin cunkoso, a, b, c ko d, a takardar sakamako, ya kuma yi wa mai ita bayani da harshen da take ji.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan uwanmu, idan aka ɗauke ku hoton nono ku tambayi rukuninku, kuma ku faɗa idan kuna shayarwa. Wadda ta ji ƙullutu, ko ta ga jini na fita daga kan nono, ko fatar wurin ta canza, kada ta zauna don an ce hoto bai nuna komi ba, ta koma ta nemi a yi mata eko, a ɗibi naman a auna idan likita ya ga dacewar haka. Magidanta kuma ku ba da izini da kuɗin mota tun abin yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare sauran.